Ɗorawar Iya Kande

Kwanakin baya jikata Safiya ta shigo min da waya a hannu, baki har kunne, wai ita da ƙawayenta sun kafa ƙungiyar mata masu dillancin filaye da shaguna, kuma wai su ne na farko a duk yankin nan. Na ce to madalla, nuna min yadda kuke aikin. Ta ce ai ba wuya: a ɗauki hoton fili, a tura wa mutane, mai so ya kira, a karɓi la'ada. Ta miƙo min hoton wani fili a bakin titin Makoda. Na kai shi kusa da ido, sai na hango tsamiya tsaye a kusurwarsa ta gabas.

Na ce, "Tsamiyar ta wace ce?"

Ta yi dariya ta ce, "Haba Inna, fili fa ake sayarwa. Duk abin da ke ciki ai na mai fili ne."

Na ce ta zauna, ta kira ƙawayen nata ma su zauna. Abin da na faɗa musu ran nan shi zan maimaita muku, ku 'yan yanzu da kuke ganin sana'ar nan wasan yara ce. Ni ma na taɓa yin irin wannan tunani nata, har na kusa raba wata tsohuwa da itacen da take ciyar da marayu da shi, a shekarar da yunwa ta shiga kowane gida.

Mu ba da fili muka fara ba. Dillalan kaya ne mu, masu shiga gida-gida da kwando a ka, ɗauke da zannuwa da kwanuka da 'yan kunne, duk abin da mace ke son sayarwa ba tare da maƙwabta sun ji ba. Wadda ta koya min ita ce Iya Gambo, doguwar mace mai jan haƙori saboda goro. Tafiyarta kamar ba za ta isa ba, amma ba wanda ke riga ta jin labari. Shekara biyu na yi ina ɗaukar mata kwando kafin ta yarda in buɗe baki a ciniki. Ita ce ta fara lura da abin da dillalai maza suka kasa gani. In mutum ya rasu aka raba gado, 'ya'yansa mata na samun kasonsu a gona, ko a rumfar kasuwa, ko a kangon gida, amma suna can cikin ɗakunan mazajensu, dillali kuwa ba ya wuce zaure. Sai ɗan'uwa ya tsaya a zauren ya ce ai ta yarda, a sayar, ita kuma sai dai ta tsinci labarin a wurin biki. Mu kuwa har bakin gadonta muke zama.

Aikin farko da na gani da idona rumfa ce a kasuwa, ta wata mata da ta gada daga mahaifinta mai sayar da kanwa. Shekara huɗu wani mai tireda yana zaune a ciki, ita ba ta ma san tana da rumfa ba. Iya Gambo ta shiga sayar mata da zane, hira ta jawo hira, magana ta fito. Kafin kasuwa ta ci sau biyu an kira mai unguwa, an tabbatar mata da abinta. Mai tireda ya ci gaba da zamansa, amma yanzu ya san wa yake yi wa haya. Daga nan ne mata suka fara jan mu ƙuryar ɗaki bayan an gama cinikin zane, su rage murya su ce, "Don Allah akwai wata 'yar magana."

A hankali muka zama mu shida, kowacce da garinta. Ba mu da ofis, ba mu da suna. Maza ne suka raɗa mana 'yan kwando don tsokana, mu kuwa muka karɓa muka ɗaura. Ranar kasuwa bayan azahar muke haɗuwa a rumfar wata mai fura, kowacce ta zazzage abin da kunnenta ya kwaso: gidan wa za a raba gado, wa ke neman wurin ajiye hatsi, wane tela ke son shago kusa da tasha. Iya Gambo ta kafa mana doka da baki, kuma ta fi ta takarda ƙarfi. Ba a taɓa kason mace sai an ji daga bakinta, a ɗakinta, ba namiji a wurin. Sannan ba wadda za ta shimfiɗa igiya a garin 'yar'uwarta sai mai garin tana tsaye, a raba la'ada biyu. Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin ina ganin wannan ta biyun dabara ce kawai ta ci da gumin wani.

Kayan aikina ba su cika kwando ba. Igiyar rama ce mai gaba ashirin, da ƙulli a kan kowace gaba, sai turaka huɗu, da 'yar fartanya, da goro na buɗe baki. Kada ku raina igiyar nan. In ka auna da ita da sanyin safiya raɓa ta jiƙa ta, tsukewa take yi, sai ka ƙara wa fili girman da bai da shi, ka cuci mai saye. Don haka sai hantsi ya ɗaga muke awo. Fartanyar kuwa ta neman iyaka ce. Ƙasarmu matsi ne da ita, gona na jingine da gona, babu dajin da zomo zai ɓuya, kuma kowa na yi wa taƙi ɗaya kallon dukiya. Iyakar gamba tafiya take yi, domin maƙwabci mai dogon hannu zai riƙa sarar ta ta ɓangarensa duk damina har ta matsa. Amma albasar kwaɗi da kakanni suka binne a kusurwa ba ta zuwa ko'ina. Ko ganyenta ya bushe ƙamas, tona ƙasa za ka same ta a inda aka sa ta. Wayar da ke hannunku ba za ta nuna muku wannan ba.

To, sai shekarun wuya suka zo. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero na tsakiyar bunni, gyaɗa kuma ta ƙi sam. Kafin rani ya raba, in ka ƙwanƙwasa rumbu sai ya amsa maka. Maza suka watse cin rani, nawa maigidan ma ya nufi Watari ƙwadagon lambu, ya bar ni da yara huɗu. Masu gona a bakin titi suka fara yankar ta suna sayarwa don su sayi dawa, 'yan kasuwa daga birni kuma suka fara zuwa neman wurin gina sito da shaguna. Aiki ya yi mana yawa, amma aiki ne marar daɗi, don kusan kowane mai sayarwa kansa a ƙasa yake.

A wannan rani ne wani manomi, Malam Idi, ya tare ni a hanya ya ce yana son sayar da gefen gonarsa da ke kallon titi. Ni kuma ina da mai nema, Alhaji Sabo, ɗan kasuwar hatsi daga Kano, wanda ke son gina sito da shaguna huɗu kafin ruwa ya sauka. Matsala ɗaya ce, gonar ba a garina take ba. Garin Azumi ne, ɗaya daga cikinmu mu shida, ita kuwa ta tafi jinyar 'yarta a wani ƙauye. Mako guda kawai ya kamata in jira. Na tuna tukunyata, na tuna la'adar da ba za a raba biyu ba, na ce a raina ai igiya igiya ce, ko Azumi na nan ko ba ta nan.

Aikin kuwa na yi shi tsaf, ba yabon kai ba. Na jira hantsi, na tona kusurwa huɗu na samu albasar kwaɗi a kowacce. Na shiga gidajen ƙannen Malam Idi mata su biyu, na ji yardarsu daga bakinsu. Aka kira shaidu, malamin da ke rubuta mana takarda da ajami ya zana iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, dagaci ya buga hatimi. Duk wannan ciniki a inuwar wata ƙatuwar ɗorawa muka yi shi, tana tsaye a kusurwar kudu ta filin, 'ya'yanta na reto a saman kawunanmu sun kusa nuna. Har jingina na yi da ita na sha ruwa. Ban ce ta wace ce ba.

Ga abin da ba ku sani ba. A ƙasarmu gona daban, itace daban. Sau da yawa in an zo rabon gado maza su ɗauki ƙasa, a ba mata itatuwa, wannan ta samu kuka, waccan tsamiya, wata ɗorawa. Mai gona ya yi nomansa a ƙarƙashi, mai itace ta zo ta girbe abinta in lokaci ya yi. Ba a rubutawa, don duk ɗan gari ya sani. Ni ma na san al'adar sarai, a garinmu ko cikin barci aka tashe ni zan faɗi mai kowane itace. Amma a garin Azumi baƙuwa ce ni, baƙo kuwa ko da ido makaho ne.

Kwana huɗu da gama ciniki wata mai tallan nono ta tsayar da ni ta ce in yi maza, ana rigima a filin da na sayar. Na isa na tarar an haƙa ramin tushen gini, ga mutum biyu riƙe da gatari suna tsaye cirko-cirko. A gindin ɗorawa kuma wata tsohuwa ce zaune, ta jingina baya da itacen ta miƙe ƙafa. Ita ce Iya Kande, goggon Malam Idi. Ɗorawar tata ce, kasonta ke nan kaf daga gadon mahaifinta. Da kalwarta take yin daddawa ta sayar, garin ɗorawar kuma ta dama wa jikokinta uku marayu da take riƙo. A irin wannan shekara, itacen nan shi ne rumbunta.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce 'yar kwandon da ta sayar da ni ina zaune?"

Na durƙusa na ce, "Iya, wallahi ban sani ba."

Ta ce, "Kin tambaya?"

Kunya irin ta ran nan ban taɓa jin ta ba, kuma ban sake ba. Na juya ga Malam Idi, shi ma mamaki yake. Ya ce, "Ni fa gona na sayar. Wa zai sayar da ɗorawar Goggo? Ai ko akuyar garin nan ta san ta Goggo ce." Alhaji Sabo kuma ya zaro takarda daga aljihu ya ce, "Ni fili na saya, ga shaida. Daidai nan mota za ta juyo da baya ta sauke buhu. Ina zan kai itace a ƙofar sito?" Ba mugun mutum ba ne Alhaji, a birni haka ake yi, abin da ke cikin fili na mai fili ne. Aka je gaban dagaci. Ya juya takarda ya sake juyawa, babu ɗorawa a ciki. Ya ce a dakatar da gatari kwana uku a nemi sulhu, in ba a samu ba takarda za a bi. Iya Kande ta koma gindin itacenta ta zauna, ta ce ba ta yarda da gatarin da ke jira ba.

Na tafi gidan Iya Gambo. Ta saurare ni har na gama tana ɓare goro, ba ta ɗaga murya ba, ni kuwa da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta aika aka kira sauran, har Azumi aka je aka ɗauko daga wurin jinya. Washegari muka haɗu a rumfar mai fura, ko da yake ba ranar kasuwa ba ce.

Azumi ta ce, "Ladidi, da ko mai tallan gyaɗa kika aiko min, kalma ɗaya zan faɗa miki. Daddawar Iya Kande nake sa wa miya tun ina amarya."

Iya Gambo ta ce, "Kwaɗayi mabuɗin wahala, ta ji a jikinta. Amma faɗa sai an gama. In aka sare itacen nan, yaran can sun shiga uku, mu kuma ba macen da za ta sake ɗaga mana labule. Kowa ta kawo abin da ta sani."

A nan na gane amfanin dokar da nake rainawa. Azumi ta ce ɗan siririn filin da ke arewa da na Alhaji, wanda kowa ke kira da sunan wani magidanci, ba nasa ba ne, na matarsa Yalwa ne, gadonta. Yalwa ta sha faɗa mata ba za ta sayar da ƙasar ubanta ba ko za a mutu, amma kuma damina biyu ba ta ɗebi ko kwano ba a wurin. Sana'arta waina, tana neman inda za a riƙa kafa mata tanda a bakin titi. In ta yarda da musaya, ta ba Alhaji gaba shida ta arewa ta karɓi gaba shida ta gindin ɗorawa, gini zai matsa ya bar itace, ita kuma ta samu inuwa a kusa da sito inda direbobi da 'yan dako za su riƙa wuni. Wata daga cikinmu ta ce tana da tela mai neman shago, wata ta ce tana da mai gyaran keke. Kafin la'asar Azumi ta shiga ɗakin Yalwa ta fito da yardarta, mijin ma ya ce Allah ya sa albarka.

Alhaji ne ya rage. Muka same shi a filin mu shida, kowacce da kwandonta. Ya ji bayani ya girgiza kai ya ce ya riga ya sa an haƙa tushe, ba zai yi aiki biyu ba.

Iya Gambo ta ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, hatsi za ka tara a tsakiyar masu yunwa. Ginin da ke buƙatar addu'ar mutanen gari, da sare abincin tsohuwa za ka buɗe shi?"

Ya juya yana kallon Iya Kande, wadda ko ɗago kai ba ta yi ba.

Iya Gambo ta ci gaba, "Kuma ginin ƙasa za ka yi. Makubar da za a riƙa shafe shi da ita don kada ruwa ya ci bango, ai ɓawon ɗorawa ne, ga shi a ƙofarka. Shaguna biyu mun samo maka masu shiga tun ba a ɗora jinka ba. Ramin da aka haƙa kuwa, wadda ta jawo ita za ta cike." Ta nuna ni da baki.

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Ku 'yan kwando, Allah ya raba ni da shari'a da ku. A kawo igiya."

Haka na zazzage zannuwan mutane na mayar da kwandona na dakon ƙasa. Sauran biyar ɗin ba su bar ni ni kaɗai ba, amma kowacce ta tabbatar na ji a kunnena tana tayawa. Bayan wannan kuma Iya Gambo ta yanke min shekara guda ina ɗaukar wa Azumi kwando, ni da na girme ta da shekara uku. Na ɗauka, ban yi musu ba.

A rana ta uku aka sake awo, Azumi riƙe da bakin igiya ɗaya ni da ɗaya. Da malam ya zauna rubuta sabuwar takarda, Iya Gambo ta ce ya ƙara layi: banda ɗorawa, ta Kande ce ita da magadanta, tare da hanyar zuwa gindinta. Malam ya ce shi tunda yake bai taɓa sa itace a takardar fili ba. Ta ce, "Yau za ka fara." Daga ran nan ba ma kwance igiya sai mun zagaya fili mun tambayi mai kowane itace, ko da ɗan kurna ne. Dillalai maza suka yi ta yi mana dariya, wai 'yan kwando na gaisawa da itatuwa kafin ciniki. Ba a daɗe ba su ma suka fara aiko matansu su tambaye mu a asirce. Muka ƙaru har rumfar mai fura ta daina ɗaukarmu. Shekara talatin da wani abu na yi ina jan igiya bayan wannan, na sayar da rumfuna da shaguna da filin injin niƙa, kuma ina alfahari in faɗa muku ba takardata ko ɗaya da ta taɓa zuwa gaban alƙali.

Amma bari in ƙarasa muku ranar. Aka kai wa Iya Kande takarda har gindin itace ta dangwala yatsa. Ta ce malam ya sake karanta mata wurin da sunanta yake, ya karanta, ta gyaɗa kai. Mutane suka fara watsewa. Na matsa na durƙusa a gabanta na ce, "Iya, ki yafe min."

Ta dafa itacen ta miƙe da ƙyar, ta jawo dogon goranta mai ƙugiya a baki ta miƙo min. Ta ce, "Kwana uku ina gadi ban girba ba, yara kunu kawai suke sha. Hannunki ya fi nawa tsawo. Fara da reshen can na kan titi."

Na yi ta zungura har wuyana ya ƙage, jikokinta na tsinta suna tarawa. Da tulin ya yi tsawo ta zauna ta ɓare ta farko ta ba ƙaramar cikinsu. Ta ɓare ta biyu ta miƙo min, garin ya ɓata mata yatsu rawaya.

Ta ce, "Ci, ki san abin da kika sayar."